Husain Abdullah, sefti ɗin da ya ajiye kaka guda ya tafi Hajji

Yawancin mutanenmu da suka taɓa jin sunan Husain Abdullah ta wannan ɗan gajeren bidiyon suka san shi, wanda ya yi ta yawo a Facebook da WhatsApp, ɗan wasa sanye da jar riga mai lamba 39 ya ruga da ƙwallo ya faɗi ya yi sujjada, alƙalin wasa kuma ya jefa masa tuta, wato alamar ya yi laifi. To bidiyon gaskiya ne ba haɗi ba ne, amma ni abun da ke damuna shi ne a nan ake tsayawa, ana ta masha Allah a ƙasan bidiyon amma ba wanda ya tambayi waye mutumin, daga ina ya taso, me ya sadaukar kafin ya kai wannan daren. Kuma wallahi sujjadar ita ce ƙarama a cikin labarinsa.

Bari in ɗan yi bayanin wasan tukuna saboda na san ba kowa ke kallon ƙwallon Amurka ba, mu nan Firimiya da Laliga muka sani. Mutum 11 ne kowane ɓangare, masu kai hari suna da dama huɗu su ci yadi goma, in sun ci a sabunta musu, in sun kai ƙwallon ƙarshen fili shi ne tocdawun, maki 6. Akwai mai jifa da ake kira kwatabak, shi ne ƙwaƙwalwar masu hari. A ɓangaren tsaro kuma akwai 'yan can baya, guda biyu a gefe da ake ce wa kona suna bin masu cafke ƙwallo ƙafa da ƙafa, sai guda biyu a tsakiya can ƙurya da ake ce wa sefti. Husain sefti ne. Aikin sefti ba ƙaramin aiki ba ne, in ya yi kuskure babu kowa a bayansa sai maki, dole ya karanta idon mai jifa kafin ƙwallo ta bar hannunsa, kuma dole ya rugo da gudu ya yi karo da ƙato wanda ya fi shi nauyi ya kayar da shi, wani lokacin kai da kai, ku riƙe wannan maganar ta kai za mu dawo mata.

An haife shi ranar 27 ga Yulin 1985 a Los Angeles, ya yi sakandare a Pomona cikin jihar Kalifoniya, gidansu Musulmi ne tun tashinsu. Yayansa Hamza shi ya fara buɗe hanya, ya tafi jami'ar Washington State da ke wani ɗan gari Pullman, shi ma ɗan baya ne, sai Husain ya bi sawunsa. A Amurka haka tsarin yake, babu akadamin kulob irin na Turai, jami'a ce ke rainon ɗan wasa, a ba ka sikolashif ka yi karatu kana buga musu wasa filin cike da dubban mutane, kuma a lokacin su Husain ko sisi ba a biyan ɗan wasan jami'a. Ya buga wa Cougars, ƙungiyar jami'ar, daga 2004 zuwa 2007 ƙarƙashin koci Bill Doba, a rukunin Pac-10 inda suke haɗuwa da irin su jami'ar USC a lokacin da USC ke tashen ta. Sai dai bai yi dace da lokaci ba, ƙungiyar ta yi ƙarfi a 2003 har ta doke Texas a wasan ƙarshen shekara, amma shekarun da shi ya buga duk babu wadda suka samu zuwa irin wannan wasan, a ƙarshen 2007 ma kocin ya bar aiki. Kuma in ƙungiyarka ba ta cin wasa masu farautar 'yan wasa ba sa cika waiwayo ka komai ƙoƙarinka.

Shiyasa da aka zo diraf na 2008, wato zaɓen da ƙungiyoyi 32 na NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, ke yi na 'yan jami'a zagaye bakwai, aka kira sunan mutum sama da 250 babu nasa. Yayansa Hamza aƙalla Tampa Bay sun ɗauke shi a zagaye na bakwai a 2005, shi ko ba wanda ya ɗauka. Minnesota Vikings ne suka ce ya zo sansanin tirenin ya gwada, kuma duk wanda ya san NFL ya san me hakan ke nufi, ana tara mutane da yawa a sansani sannan a tankaɗe a bar 53, kuma waɗanda ba a zaɓa a diraf ba su ake fara sallama domin kulob bai zuba kuɗi a kansu ba. Husain ya tsira. Shekara biyu yana aikin da ba mai yabo, wato rukunin da ke shiga lokacin bugun ƙwallo da ƙafa, ka rugo tun daga wancan ƙarshen fili ka yi karo da mutum ka tashi ka koma benci. Yana cikin ƙungiyar a kakar 2009 da kwatabak Brett Favre ya kai su dab da Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofin NFL, New Orleans suka cire su 31 da 28 bayan ƙarin lokaci.

A 2010 ne jaridun Amurka suka fara kula da shi, kuma ba don wasa ba, don azumi. Ramadan na shekarar ya kama ne a watan Agusta, daidai lokacin sansanin tirenin, tsakiyar zafi, rana mai tsawo domin Minnesota can arewa take, ga kayan kariya a kafaɗa ga hular kwano ga gudu safe da yamma, kuma yana takarar neman gurbin farawa da wani ɗan wasa Tyrell Johnson wanda kulob ɗin suka zaɓa a zagaye na biyu a shekarar da shi ba su zaɓe shi ba. Bai sha azumi ba. Ya zauna da masu kula da abincin kulob suka tsara masa yadda zai ci ya sha tsakanin buɗa baki da sahur, yana tashi cikin dare ya ƙara wani abu a ciki don kar nauyinsa ya zube. Duk wanda ya taɓa yin aikin ƙarfi da azumi a bakinsa a watan Afrilu ya san abun da ake nufi, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Kuma ya ci gurbin, ya fara wasa 15 a kakar ya cafke ƙwallon abokan hamayya sau 3. A Ramadan na 2011 shi da Hamza suna cikin waɗanda aka gayyata shan ruwa a fadar White House lokacin Obama.

To yanzu ga inda nake so mu tsaya sosai. Kakar 2011 ba ta yi masa daɗi ba, ya samu buguwar kai fiye da sau ɗaya har kakarsa ta ƙare da wuri, kwantiraginsa ma ya ƙare. Vikings sun so ya dawo. Shekararsa 27 za ta cika, wato ganiyar ƙarfin ɗan wasa kenan, lokacin da ake neman babban kwantiragi guda ɗaya wanda zai riƙe mutum da iyalinsa. Sai shi da Hamza, wanda yake Arizona Cardinals a lokacin, suka sanar cewa ba za su buga kakar 2012 ba, za su kai iyayensu aikin Hajji. Hajjin shekarar a ƙarshen Oktoba ya faɗo, tsakiyar kaka cif, domin NFL daga Satumba take farawa zuwa ƙarshen Disamba kuma wasa 16 ne kacal a lokacin, babu yadda za a yi ka ce wa koci ba ni sati uku in je in dawo.

Mu da muka saba ganin mutum ya ɗauki hutu a ofis ko ya bar wa yaronsa shago ya tafi Makka ya dawo ya tarar da komai yadda ya bari, za mu iya ɗauka abun mai sauƙi ne. Ba haka NFL take ba. Yawancin kwantiragi a can ba garanti, matsakaicin ɗan wasa bai fi 'yan shekaru uku zuwa huɗu yake yi ba, kuma duk shekara jami'o'i na zubo sabbin yara masu gudu masu arha. In babban tauraro ne ya tafi za a jira shi, amma wanda ko a diraf ba a zaɓa ba, mai tarihin buguwar kai, in ya ɗaga ƙafa wani ya saka tasa shikenan. Mutane da yawa sun ce me zai hana su bari sai sun yi ritaya, ai Ka'aba ba gudu za ta yi ba, kuma maganar ba ta rasa kan gado a lissafin duniya. Amma su lissafinsu daban, suna da lafiya suna da hali yanzu, iyaye na raye yanzu, waye ya ba ka tabbacin baɗi? Na kuma yarda hutun ya taimaki kansa ya warke, wannan ba ya rage komai daga niyyarsa a wurina, mutum na iya samun alheri biyu a tafiya ɗaya. Kafin tafiyar ma a watan azumin shekarar suka zagaya Amurka da mota, masallaci 30 cikin kwana 30, suna magana da matasa.

Kuma don kar a ce tatsuniya ce mai daɗin ƙarshe, a duba Hamza. Bai sake buga wasa ko ɗaya a NFL ba bayan sun dawo, ba kulob ɗin da ya ɗauke shi. Tafiya ɗaya, niyya ɗaya, uwa ɗaya, ɗaya ya samu komawa ɗaya bai samu ba. Shiyasa ba na son yadda wasu ke ba da labarin kaman ciniki ne, wai ya bar wa Allah kaka ɗaya sai Allah ya biya shi da tocdawun. Sun tafi ne suna sane cewa ƙofar na iya rufewa, kuma ta rufe wa ɗayansu.

Husain shi Kansas City Chiefs suka ɗauke shi a farkon 2013, shekarar da koci Andy Reid ya karɓi ƙungiyar bayan ta ci wasa 2 kacal ta sha kashi 14. Ya sake farawa daga ƙasa, ɗan canji a bayan su Eric Berry, ƙungiyar ta juya ta ci 11. A wasan sili ɗaya ƙwale na Janairun 2014 da Indianapolis ya cafke jifan kwatabak ɗinsu Andrew Luck har sau biyu, amma an manta da wannan saboda Chiefs suna gaba 38 da 10 suka bari aka dawo aka cinye su 45 da 44, abun takaici wallahi, ranar da ya fi kowace rana wasa ita ce ranar da magoya bayan kulob ɗin ba sa son tunawa. A 2014 ya zama mai farawa sosai.

Sai daren Litinin 29 ga Satumban 2014, filin Arrowhead, New England Patriots suka zo. A daren ne ma 'yan kallon suka kafa tarihin ƙarar ihu a filin wasa. A zango na huɗu kwatabak ɗin Patriots Tom Brady ya yi jifa, Husain ya karanta ya shiga gaba ya cafke, ya ruga yadi 39 har gida, ya zame a kan gwiwoyinsa sannan ya sa goshi a ƙasa. Tuta ta tashi, aka ci tarar ƙungiyarsa yadi 15 wai murnar da ta wuce ƙa'ida. An tashi 41 da 14, kuma wannan Brady ɗin da waɗannan Patriots ɗin su suka ɗauki Super Bowl a ƙarshen kakar, don a san ba jifan kowa da kowa ya cafke ba. Kafin gari ya waye intanet ta ɗauka, mutane na tambaya ya aka yi wani kwatabak Tim Tebow ya shekara yana durƙusawa yana addu'a irin ta Kirista ba a taɓa hukunta shi ba, ƙungiyar kare haƙƙin Musulmin Amurka ta CAIR ta nemi bayani, washegari NFL ta fito ta ce bai kamata a hukunta shi ba, wanda ya kai ƙasa don ibada ba ya cikin dokar.

Abun da ya ƙara masa girma a idona shi ne bakinsa bayan wasan. 'Yan jarida sun kewaye shi, da ya so da kalma ɗaya zai kunna wuta, amma ya ce shi a ganinsa zamiyar da ya yi a kan gwiwa ce ta jawo tutar ba sujjadar ba. Bai mayar da kansa wanda aka zalunta ba alhali duniya na miƙa masa wannan rigar, kuma bai ba da haƙuri kan sujjadarsa ba.

A ƙarshen kakar 2015 ya sake samun buguwar kai, ta biyar kenan a shekara bakwai da ya yi yana wasa a NFL, ya rasa wasannin ƙarshe na kakar. A lokacin maganar illar karo ga ƙwaƙwalwa ta riga ta fito fili, tun bayan da likitan nan ɗan Najeriya Bennet Omalu ya duba ƙwaƙwalwar tsohon ɗan wasa Mike Webster a 2002 ya gano cutar da ake kira CTE, wadda NFL ta daɗe tana musun alaƙarta da wasan, ga tsofaffin 'yan wasa da yawa da suka ƙare da mantuwa da baƙin ciki mai tsanani wasu har suka kashe kansu. Husain yana da shekara 30, ƙafarsa ba ta mutu ba, da ya nema zai samu kulob. A watan Maris na 2016 ya sanar ya ajiye wasa, ya faɗi dalili ƙarara cewa lafiyarsa ce a gaba, buguwa biyar ta isa, yana da abubuwan da yake son yi a rayuwa waɗanda sai da lafiyayyen hankali, ga mata ga yara.

Ni ina son wasan nan, ina hana idona barci saboda shi domin yawanci sai tsakar dare agogonmu ake bugawa, amma duk lokacin da na ga sefti ya rugo ya haɗa kai da wani ya kwanta bai motsi sai jikina ya yi sanyi, kuma ina jin haushin yadda ake yabon wanda ya tashi ya koma fili a hakan ana ce masa jarumi. Da ma a ce ƙananan 'yan wasa da ke jami'a yanzu, musamman yaran Musulmi da 'ya'yan 'yan Afirka da suke ta shiga wasan, za a riƙa ba su labarin ritayar Husain kamar yadda ake nuna musu bidiyon sujjadar.