Asabar: Kaka tana son ɗakinmu na ƙasa

Sanyi ya kai 31 ƙasa da sifiri da asuba. Abban Baffa bai jona injin mota da lantarki don kada sanyi ya daskarar da shi ba jiya da daddare, duk da na tuna masa, mota kuwa ta ce ba ta san zancen ba. Sai da ɗan Kaka, dattijuwar maƙwabciyarmu, ya fito da wayoyin batir ya tayar mana da ita. Dalilin da ya sa ke nan na tsallaka gidanta da hantsi da kwanon ƙosai na godiya. Da na san inda hirar za ta kai mu, da Ummi na aika.

Kaka ba ta karɓar kwano a bakin ƙofa. Sai ka cire takalmi, ka zauna, ka sha shayinta mara madara. Ta ci ƙosai biyu, ta yi tari saboda attarugu, ta ƙara na uku, sannan ta dube ni ta saman tabarau ta ce, “Ɗakin nan naku na ƙasa, wanda kuka ce na surukarki ne in ta samu biza, har yanzu babu kowa a ciki?”

Na ce babu kowa, Kaka, sai akwatuna da buhun shinkafa.

Ta ce, “To ƙungiya kullum neman gidaje take yi. Yaro ɗaya. Gado, teburin karatu, abinci. Abinci mai yawa fa.”

Kun san dai garin nan na Swift Current ba shi da zance sai hokin ƙanƙara, wasan nan da ake yi da sanda a kan ƙanƙara. Mutanensa duka ba su wuce dubu 17 ba, amma suna da ƙungiyar matasa, Broncos, a babbar gasar yammacin Kanada, suna karawa da birane irin su Calgary da Edmonton. Ba ta wani attajiri ba ce, ta mutanen gari ce. Yaran da ke buga mata 'yan shekara 16 zuwa 20 ne, kuma kusan babu ɗan gari a cikinsu. Ana zaɓo su tun suna 'yan sha huɗu sha biyar daga ko'ina a yammacin ƙasar, wasu kuma daga Turai suke zuwa. To ina za su kwana? A gidajen mutane. Iyali su karɓi yaro daga ƙarshen bazara har kakar wasa ta ƙare, ƙungiya tana ba su ɗan abin cefane duk wata da tikitin kallo. Kaka ta ce kuɗin ba ya isar madara da kaza ma, balle sauran. Ta yi shekaru tana wannan riƙo. A jikin firijinta akwai hotunan katta masu sanƙo da 'ya'yansu, duk ta ce yaranta ne. Ta nuna ɗaya da cokali ta ce wannan sai da ta koya masa raba fararen kaya da masu launi kafin wanki, yanzu likitan haƙori ne a Alberta. Cikinsu babu wanda ya zama shahararren ɗan wasa, kuma ban ga alamar abin ya dame ta ba.

Ni abin da ya faɗo mini a rai shi ne gidan Inna a Zariya, da almajirinta da ke zuwa da kwano bayan la'asar, ta zuba masa, ta duba masa kai, ta yi masa faɗan wanka. Iyayensa suna can wani ƙauye, sun miƙa shi ga malami, Inna kuma ta zama uwar ɗaki ba tare da kowa ya naɗa ta ba. Ban faɗa wa Kaka ba, don bayanin zai yi tsawo, kuma na san ba daidai suke da juna ba: waɗannan suna zuwa makaranta, suna da likita, duk kakar da yaro ya buga kuma gasar tana biya masa kuɗin karatun jami'a na shekara guda. Amma uwa ta haɗa wa ɗan shekara 16 jaka ta miƙa shi ga mutanen da ba ta sani ba, wannan kam na san shi.

Daga nan hira ta koma tarihi, don Kaka in ta fara ba a tare ta. Mijinta marigayi ɗan Flin Flon ne, can arewa a kan iyakar Manitoba da Saskatchewan, garin ma'adinai. Ta ce a zamaninsa kamfanin ma'adinan ne ke riƙe da ƙungiyar garin, Bombers: yara su yi aiki a kamfani da safe, su yi atisaye da rana, su karɓi albashi. A 1957 suka doke ƙungiyar matasa ta Ottawa, wadda ke ƙarƙashin babbar ƙungiyar Montreal, suka ɗauki Kofin Memorial, wanda tun 1919 ake ba zakaran matasan ƙasar don tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙin duniya na farko. Ta ce har ya mutu yana ba da labarin wasa na bakwai, na ƙarshe, da ya ba su kofin. Daga garin shahararren ɗan wasa Bobby Clarke ya fito. Kuma har yau in sun ci wasa a gida sai wani ya jefo ƙafar mus, ƙaton naman dajin nan mai faffaɗan ƙaho, a kan ƙanƙara. Na yi dariya har na kusa ɓarar da shayi. Ƙafar da a wurinmu tuni ta shiga tukunyar farfesu.

Namu garin kuwa ya taɓa rasa ƙungiyarsa. An kafa ta a 1967, su shahararren ɗan wasa Bryan Trottier suka buga a nan, sai a 1974 aka kwashe ta zuwa Lethbridge don can mutane sun fi yawa. Shekara 12 gari yana zaune ba ta, sai mutane suka yi karo-karo suka sayo ta suka dawo da ita a 1986. Kaka ta ce manoma ne da masu shaguna, kowa da abin da ya iya.

A nan muryarta ta sauka. 'Yan watanni kacal da dawowar, ranar 30 ga Disamba 1986, bas ɗin yaran ya kama hanyar Regina. Bai yi nisa da gari ba ya taka ƙanƙarar nan da ba a gani a kan kwalta, ya kauce, ya kife. Huɗu da ke zaune a baya suka rasu: Trent Kresse, Scott Kruger, Chris Mantyka, Brent Ruff. Ta jero sunayen ba tare da ta tsaya tunani ba. Na sha ganin ganyen nan mai kunne huɗu a rigar ƙungiyar, na sha wuce wurin tunawa da aka gina a bakin babbar hanya a 2016, amma ban taɓa jin wani ya faɗi sunayen da baki ba sai yau. Sauran yaran suka ce za su ƙarasa kakar, cikinsu har da Joe Sakic, wanda daga baya ya zama ɗaya daga manyan 'yan wasan duniya. A 1989 suka ci Kofin Memorial a Saskatoon, a ƙarin lokaci. Kyautar gwarzon ɗan wasa ta gasar har yau da sunan yaran huɗu ake ba da ita.

Ta ce bayan wannan ne ta fara karɓar yara. Kuma tun daga lokacin, duk daren da suka tafi wasa wani gari, ba ta iya barci sai ta ji ƙarar mabuɗi a ƙofa, ko da ƙarfe huɗu na asuba ne. Wasa 68 ake yi a kaka, rabinsu a waje, wasu tafiyar sai an ratsa duwatsun yamma. Na lissafa dararen a raina na bar lissafin.

Hatsarin ƙungiyar garin Humboldt ba sai ta ba ni labari ba, kowa ya ji shi: 6 ga Afrilu 2018, tirela ta ƙi tsayawa a mahaɗa, ta daki bas ɗin yara a hanyarsu ta zuwa Nipawin, mutum 16 suka mutu, 13 suka jikkata. Abin da ban sani ba shi ne su ma sunansu Broncos ne saboda namu, tun da aka kafa su a 1970 daga nan suka samu suna da riguna. Kaka ta ce ta jingina sandar hokin mijinta a bakin ƙofa kamar yadda ƙasar duka ta yi a makon. A watan Mayun shekarar ne kuma namu suka ci gasar yamma, mutane suna murna suna kuka.

To ga abin da ya hana ni sakat tun rana. Na tambaye ta abin da abokiyar aikina ta taɓa tsegunta mini, wato maganar kocin da ya kai su ga kofin 1989, Graham James. A 1997 kotu ta ɗaure shi saboda lalata da yaran da ke hannunsa, bayan Sheldon Kennedy, wanda yana cikin bas ɗin nan ranar hatsarin kuma yana cikin waɗanda suka ɗaga kofin, ya fito ya faɗa da bakinsa. Na ce, “Kaka, ku da yaran suke kwana a gidajenku, ba wanda ya lura?”

Ta ɗauki kofinta ta kai wurin wanke-wanke, ta kunna famfo, ta daɗe tana wanke kofi ɗaya. Sannan ta ce, ba tare da ta juyo ba, “Muna cin wasa a lokacin.”

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ni kuma na ji kunyar tambayar, na ji haushin amsar, duka a lokaci guda. Mace ce da ta yi shekaru tana jiran ƙarar mabuɗi saboda tsoron hanya, gari guda yana tsoron hanya, alhali wanda ya cuci yaran yana zaune a kujerar gaba. Yaro mai shekara 16, nesa da uwarsa, duk burinsa yana hannun mutum ɗaya da zai iya ajiye shi a benci ko ya tura shi wata ƙungiya gobe da safe. Wa zai kai wa ƙara? Matar da ke dafa masa taliya, wadda ita ma tana tafa wa kocin a filin wasa? Ban ce Kaka ta san wani abu ba. Ban yi zaton ta sani ba. Kennedy ya shafe rayuwarsa yana aikin kare yara, yanzu kuma ana sa koci da iyaye su yi kwas kafin a bar su kusa da ƙananan 'yan wasa. Madalla. Sai dai takardar kwas ba ta zama da yaro a teburin cin abinci ta ga yau ya ƙi cin komai.

Da zan fito ta riƙe mini hannu ta ce, “Shi ya sa na tambaye ki. Ke kina da tambaya.” Ban san ko yabo ba ne ko tarko.

Abban Baffa, da na faɗa masa bayan magariba: “Ƙaton saurayi baƙo a gidan da Ummi take? Ke ma kin san amsar.” Na san ta. Kuma yana da gaskiya, ga maganar abinci, ga ta sallah, ga Hajiya da za ta iya samun bizar ko yaushe. Ya ƙara da cewa in taimako nake so in yi, in riƙa aika wa yaran dambun nama. Na ce naman ka san kuɗinsa a nan?

Baffa ya ji rabin maganar, yanzu yana bin kowa da tambayar yaushe ɗan wasan zai tare, kuma ko zai ba shi sanda. Takalman ƙanƙararsa sun matse shi. Na ce sai an yi gwanjon kayan wasa.

Miyar kuka ta ƙare, saura ɗan ƙulli ɗaya. Wanda zai zo daga gida ya taimaka.

Gobe aikin safe nake da shi, kuma Ummi har yanzu ba ta tsefe kanta ba.