A ina fim ɗin ya sake ka?

Ina koyon tace bidiyo a wani shago a unguwar Nima da ke Accra, aikinmu yawanci biki ne da suna. Wata Asabar da dare maigida ya sa aka rufe ƙofa, ya kunna mana Stalker, fim ɗin da Andrei Tarkovsky ya fitar a Tarayyar Soviet a 1979. Ya haura awa biyu da rabi. Mutum uku ne, ja-gora da marubuci da farfesa, suka kutsa wani haramtaccen yanki suna neman ɗakin da aka ce yana cika wa mutum burin da ke ƙasan zuciyarsa. Da suka isa bakin ɗakin, babu wanda ya shiga.

Tun kafin a kunna fitila gardama ta kaure. Babbanmu a cikin yaran shago ya ce an cinye mana dare a banza: an ce fim ɗin kimiyya, ga shi ba kumbo ba dodo, sai ruwa da ciyawa. Ni kuwa abin ya ratsa ni, har na ce masa, "Yaya, ba ka gane ba ne." Har yau ina jin nauyin wannan magana.

Maigida bai goyi bayan kowa ba. Tambayarsa ya yi, "A ina ya sake ka?" Yaya ya ce wurin da suke tafiya a kan ɗan keken layin dogo ne, kyamara ta kafe a ƙeyarsu da gefen fuskokinsu, ƙarar ƙarfen tana rikiɗewa sannu a hankali zuwa wani sauti daban, sai kwatsam hoton ya bar ruwan ƙasa ya koma mai launi. Ya zayyana komai dalla-dalla. Ni mai yabon ko sautin ban lura da shi ba. Ashe ya fi ni kallo, abin da ya gani ne bai kwanta masa ba, don a wurinsa lokacin mai kallo amana ne.

Bayan sati biyu aka ba ni aikin wani biki na unguwar Mamobi. Akwai wurin da uwar amarya ta tsaya shiru daƙiƙa 40 tana murza bakin mayafinta, ana shirin tafiya da 'yarta. Na bar shi yadda yake. Yaya ya ce ya yi tsawo.

"A wace daƙiƙa ya sake ka, Yaya?"

Ya jawo kujera, muka maimaita sau uku. Ya ɗora yatsa a kan daƙiƙa ta 25, daidai inda ta ankara da kyamara ta gyara fuska. Nan na yanke.