Asabar a Beddgelert

Tun daga Caernarfon ruwan sama ya raka mu, bai saurara ba har bas ta sauke mu kusa da gadar dutse ta Beddgelert. Ɗan ƙauye ne a arewacin Wales, cikin tsaunukan Eryri, daidai inda kogin Colwyn ke haɗuwa da Glaslyn. A ƙidayar 2011 mutanensa ba su kai 500 ba. Dutsen Moel Hebog na tsaye a kansa, amma yau gajimare ya haɗiye rabinsa.

Duk wanda ya sauko daga motar, kabarin kare ya nufa, ni ma na bi ayari. Wai Yarima Llywelyn ne ya dawo daga farauta ya tarar da gadon jaririnsa a kife, ga karensa Gelert baki duk jini. Bai yi wata-wata ba ya zare takobi ya soke shi. Can sai ga kukan yaro, lafiyarsa ƙalau, a gefensa kuma gawar kyarkecin da karen ya kashe. Na ga wata dattijuwa tana share hawaye a gaban allon da ke kan kabarin.

Sai dai fa babu kare a ƙarƙashin duwatsun nan. David Pritchard, mai otal ɗin Goat, shi ya tayar da kabarin a ƙarshen ƙarni na 18 don ya jawo baƙi. Masana tarihi sun fi karkata ga cewa garin ya ci sunan wani tsohon waliyyin Kirista ne, Celert, ba sunan karen ba. Ni dai ban iya jin haushin Pritchard ba. Mutumin ya san kasuwa, tun da yau sama da shekara 200 ke nan garin na cin abinci da dabararsa.

Abin da ya ɗan dame ni shi ne cocin St Mary, taku kaɗan daga kabarin, ba kowa a ciki. Alhali nan ne tarihin gaske yake: ragowar gidan ibada ne na 'yan zuhudun ɗarikar Augustine na ƙarni na 13, dogayen tagoginsa uku na gabas suna nan tun wancan zamani.

Bayan na yi azahar, na bi bakin Glaslyn zuwa mashigin Aberglaslyn. Hanyar duwatsu ce mai santsi, ruwa na ruri a ƙasa. A da, in teku ya cika, har gindin gadar Aberglaslyn yake kawowa, sai da William Madocks ya gama gina madatsar Porthmadog a 1811 aka kore shi. Filayen da tumaki ke kiwo a kansu yanzu, ƙananan jiragen ruwa sun taɓa bi ta wurin.

Mahaƙar tagulla ta Sygun, wadda aka daina haƙa a cikinta a 1903, ban samu shiga ba. Takalmina sun jiƙe sharkaf, bas ɗin ƙarshe kuma ba ta jiran kowa.