Kafin ka sayi kwampresa saboda bit ɗin CNC, fara auna ramin da iskar za ta fita

Salam 'yan uwa. Shekaranjiya wani abokin sana'ar CNC, wato injin sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa, ya kira ni daga Nima ta Accra da daddare, wai bit (ƙarfen da ke yanka a bakin injin) uku ya karya a sati ɗaya kuma gobe zai je sayen kwampresa don ta riƙa hura wa bit iska, in faɗa masa lita nawa zai ɗauka. Na ce masa dakata tukuna, ni ma tambayar da na yi ke nan kuma ita ta ci min kuɗi.

Shagona yana Asawase a nan Kumasi, injin CNC samfurin 1325 gare ni, sifindil ɗinsa, wato abin da ke juya bit, yana juyawa har 24,000 a minti. Lokacin da ƙofofi da allon gado kawai nake sassaƙa wa kafintocin Sokoban ban taɓa neman iska ba, katako ba ya narkewa ai. Wahala ta fara ne da masu allon talla suka fara kawo akrilik da alminiyom. Akrilik in ya ji zafi sai ya narke ya nannaɗe bit kamar cingam, gefen harafin ya fito fari fat da kaushi, shago ya cika da warin ƙonanniyar roba. Alminiyom kuwa liƙewa yake a bakin bit, za ka ji ƙarar injin ta canja ta zama kamar kuka, kafin ka kai hannu ka tsayar sai ka ji ƙas, shi ke nan ya tafi.

Sai na je na sayo kwampresa mai tankin lita 50, 2HP, irin wadda mota, wato injin lantarkin da ke juya ta, ke haɗe da fistin kai tsaye, an manna takarda a jikinta lita 200 a minti. Na lanƙwasa siririn bututun tagulla mai ramin milimita 2 na saita shi a bakin bit na buɗe iska bar 6 (bar shi ne ma'aunin ƙarfin matsin iska). Aiki ya yi kyau wallahi, amma kwampresar tun da ta tashi ba ta ƙara tsayawa ba, kanta ya yi zafin da ba ka iya taɓawa, maƙwabciyata mai ɗinki tana ta ƙorafin ƙara kuma da gaskiyarta. Sati na uku muna tsakiyar aikin awa huɗu sai wari, mota ta ƙone.

A aboboya, keken kaya mai ƙafa uku, na ɗora ta zuwa Suame Magazine, unguwar makanikai, wajen wani dattijo mai gyaran su. Bai ma buɗe ta ba ya ce in nuna masa bututun. Ya juya shi a hannu ya ce, ɗana, wannan ramin ne ya kashe ta. Na ce Masta, ɗan wannan? Ya ce ramin milimita 1 a bar 6 yana shan kusan lita 60 a minti, in ka ninka faɗin rami sau biyu iskar sau huɗu take ninkuwa, to naka yana neman wajen 250. Ita kuma 200 ɗin da aka rubuta iskar da fistin ke zuƙa ce, abin da ke fitowa ta tiyo bai fi 120 ko 130 ba, shi ake kira FAD, shi za ka tambaya in za ka saya. Wasu da CFM suke rubutawa, CFM ɗaya kusan lita 28 ne.

Tankin da nake taƙama da shi kuma, daga bar 8 zuwa bar 6 iskar lita 100 kacal ke tsakani, ko minti ɗaya ba ta kaiwa. Tanki yana taimakon falkanaiza da mai bindigar ƙusa, masu fesawa su tsaya. Mu kuwa iska muke saki ba yankewa awa da awanni, alhali yawancin ƙananan masu fistin ɗin nan an yi su ne su yi aiki rabi su huta rabi.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne da dattijon ya ce ba sanyi bit ke nema ba sosai, hanya yake nema. Zafin yanka yana fita ne tare da ɓurɓushin, in ɓurɓushin ya zauna a cikin layin da aka yanka bit zai ta maimaita niƙa shi har ya narke. Aikin iska ta kore shi waje. Kuma korar ba ta buƙatar bar 6. Daga ranar na koma ramin milimita 1.5, regileta mai daidaita ƙarfin iska a bar 2, kusan lita 60 ke nan a minti, na matso da bakin bututun dab da bit, na koma bit mai baki ɗaya na kuma ƙara saurin tafiyar injin don ɓurɓushin ya fito da kauri maimakon gari. Gaskiya wannan saitin ya fi sabuwar kwampresa gyara min aiki.

Yanzu mai bel nake amfani da ita, 3HP, lita 100, tana tashi ta cika ta huta har ta huce. Ban wuce 3HP ba saboda wutarmu 230 ce, fulogi kuma fiyus ɗinsa amp 13, nan ne iyakarsa. Na ja mata layinta daban da na kwamfutar injin, kuma da yamma in wuta ta yi ƙasa na ji tana gurnani ba ta tashi ba kashe ta nake nan take. Wanda shagonsa ke cikin gida ya duba marasa mai ɗin nan masu shiru, amma ya lissafa FAD ɗinsu ya ninka abin da raminsa ke sha aƙalla sau biyu. In akrilik siriri kaɗai kake yi, famfon iskar da masu kiwon kifi ke sawa a tafki ma yana yi, shi dama an yi shi ne ya kwana yana aiki, sai dai ba shi da ƙarfin zaƙulo ɓurɓushi daga rami mai zurfi.

Sai ruwa. Danshin Kumasi a damina ba wasa ba ne, yana taruwa a tanki ya biyo tiyo. Na taɓa ganin ɗigo-ɗigo a kan MDF, allon da ake yi da garin katako, wurin ya kumbura, in kuma da ɗan mai a ciki fenti ba zai kama ba. Dole filta mai raba ruwa kusa da injin, ba can gindin kwampresa ba inda iskar ke da zafi. MDF ɗin ma yanzu ba na hura masa iska sai injin zuƙar ƙura yana kunne, don garinsa a ƙirjinmu yake sauka.

Kullum kafin magariba yarona yana kwance ɗan notin tsiyaye ruwa da ke ƙarƙashin tankin, a watan Yuni ruwan da ke fitowa ja ne saboda tsatsa kuma yakan kusa cika kofin shayi. Shi ɗan uwan na Nima na ce ya auna bututunsa ya turo min lambar FAD kafin ya biya ko sidi ɗaya, ina jiran kiransa yau.