Ranar da na fara rufe jikin Cutty Sark

Asabar

Tun bayan sallar asuba na jiƙa siraran katakai a cikin ruwan zafi, domin yau ce ranar da na ware don fara rufe jikin jirgin. Kwalin da aka aiko mini yana ɗauke da duk abin da ake buƙata wajen haɗa ƙaramin samfurin Cutty Sark, wani tsohon jirgin ruwa na Birtaniya: ƙashin bayan jirgin da haƙarƙarinsa waɗanda aka riga aka yanka, da damin siraran katakai farare masu taushi, da wasu masu duhu na shafi na biyu, da ƙananan ƙusoshin tagulla, da zare iri-iri, da manyan takardun zane. Ma'auninsa ɗaya bisa 84 ne, wato kowane santimita guda a kan teburina yana matsayin santimita 84 a jikin jirgin gaske, wanda tsawon gangar jikinsa ya kai kusan mita 65.

Kafin katako ko ɗaya ya hau, sai da na shafe hantsi ina goge gefunan haƙarƙarin da samfefa. Na'ura ta yanke su a miƙe, alhali jikin jirgi lanƙwashe yake, saboda haka dole a zaftare kowane gefe daidai da karkatar da katakon zai yi idan ya bi ta kansa. Hanyar gwaji ita ce a ɗora siririn katako a kan haƙarƙari uku ko huɗu, a danna da yatsa, a duba ta ƙasa. Muddin haske yana ratsowa, to da sauran aiki. Takardar umarni ta ba wannan mataki 'yan layuka kaɗan, kuma a ganina ba ta yi masa adalci ba, domin duk kyawun da jirgin zai yi daga baya a nan ake samunsa ko a rasa shi.

Da rana ta ɗaga na koma kan katakan da na jiƙa. Ina ɗaukar kowanne da danshinsa, in kwantar da shi a kan gwangwanin madara, in bi shi da dutsen guga a hankali har sai ya karɓi lanƙwasar ya riƙe ta. Wanda aka matsa masa da ƙarfi yakan tsage ta bayansa, amma wanda aka bai wa ruwa da zafi yana biyo hannu kamar danyar kaba. Iskar hunturu ta taimaka wajen saurin bushewa, sai dai tana busar da gam ma kafin mutum ya gama daidaita katako, shi ya sa nake shafa shi kaɗan-kaɗan da tsinken sakace, haƙarƙari biyu a lokaci guda.

Abin da ya fi cin tunanina shi ne rage faɗin katakai ta wajen goshin jirgin. Na auna haƙarƙarin tsakiya da siririyar takarda, na samu milimita 80 daga ƙashin baya zuwa sama, wanda ke nufin katakai 16 masu faɗin milimita 5. A kusa da goshi kuwa tazarar milimita 48 ce kawai, kuma waɗannan katakai 16 ɗin ne za su shige ta, saboda haka kowanne sai an fere bakinsa ya dawo milimita 3. Na ja layi da fensir da rula, na bi da sabuwar reza, sannan na kafa katakon farko a dama, na kafa takwaransa a hagu nan take. Idan aka cika gefe guda aka bar ɗayan, katakai suna jan ƙashin bayan yayin da suke bushewa, jirgin ya karkace har abada.

Ina cikin wannan firar katakai ne na gane dalilin da ya sa Hercules Linton, wanda ya tsara jirgin gaske, ya zana masa goshi siriri haka. An ƙera jirgin a Dumbarton ta ƙasar Sukotilan a 1869 domin tseren ɗauko sabon ganyen shayi daga Sin zuwa Landan, inda wanda ya riga isowa yake samun farashi mai tsoka, kuma wannan siririn goshi shi ne yake tsaga ruwa. Haƙarƙarinsa na gaske ƙarfe ne, aka rufe shi da katako, sannan aka lulluɓe ƙasansa da farantan gaurayen tagulla don kada ciyawar teku da ƙwari su maƙale su rage masa gudu.

Bayan la'asar ɗan ƙanina ya shigo, ya daɗe yana leƙa cikin jirgin, sannan ya ce, "Baffa, a ina za a sa injinsa?" Na ce masa ba shi da inji, iska ce take tura shi ta filafilai sama da talatin. Tambayar tasa ta taɓa ainihin tarihin jirgin, domin a watan Nuwamban da aka saka shi a ruwa ne aka buɗe mashigin Suwez, wanda ya gajarta wa jiragen tururi hanya, su kuwa masu tafiya da iska aka bar su da zagaye ta ƙarshen kudancin Afirka. A 1877 Cutty Sark ya ɗauko shayinsa na ƙarshe. Sunan da ya yi daga baya a safarar gashin tumaki daga Ostareliya ya yi shi, a hannun kyaftin Richard Woodget, kafin a sayar wa 'yan Fotugal a 1895. Yaron ya fi son labarin tseren 1872 da jirgin Thermopylae, lokacin da guguwa ta ɓalle allon juya akalar Cutty Sark a tsakiyar teku, ma'aikatansa suka ƙera wani a nan cikin jirgin, kuma duk da haka kimanin mako guda kawai aka riga su isa Landan. Na nuna masa hoton jirgin inda yake ajiye a Greenwich ta Landan tun 1954, na gaya masa gobara ta ci wani sashe nasa a 2007, aka gyara aka sake buɗe shi ga masu ziyara a 2012.

Na ajiye aiki da kiran magariba, sashen sama na gefunan biyu ya rufu, na bar ƙusoshin a jiki har gam ya kama sosai. Gobe idan Allah ya kai mu zan fuskanci bayan jirgin, inda katako yake lanƙwasa kuma yana murɗewa a lokaci guda, kuma na yanke shawarar kankare kaurin na wurin kafin in jiƙa su.