Abin da rumfar gyaran salula ta koya mini a Yamai

Ƙarshen watan nan zan bar rumfar da na yi koyon gyara a gefen Babbar Kasuwar Yamai, in koma Tahoua in kafa nawa teburin. Abokan sana'a na layinmu sun san rumfar, sun san maigidan, ba sai na kama suna ba. Na ci arzikinsa, wannan ba zan musa ba. A hannunsa na koyi riƙe ƙarfen dalma, wanda ake liƙa wayoyin lantarki da shi, da ɗaga gilashin waya ba tare da na tsinke igiyar ciki ba. Amma akwai maganar da na daɗe ina haɗiyewa.

Kowa a layin ya san kukan da aka fi kawo mana: "Ba ta ɗaukar caji." Kuma kowa ya san sau da yawa datti ne kawai. Ƙurar hunturu ta haɗu da zaren aljihu ta danƙare a gindin ramin caji, kan caja ya kasa shiga har ƙarshe. Tsinken sakace, tsohon buroshin haƙori da ɗigon alkol, an gama. A rumfarmu dokar ita ce a ce wa mai waya ya dawo bayan la'asar, a share ramin, a ce an sa sabo, a karɓi jaka 3, wato sefa dubu uku. Ranar da na tambayi maigida dalili, cewa ya yi, "Kai yaro, haya kake biya ko ni?" Na ja bakina.

Abin da ya raba mu ya faru ne a daminar 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take turo mana a farkon Agusta, unguwanni suka koma samun wuta bi da bi. Mutane suka dinga caji duk inda suka samu: wajen mai janareto, a batirin mota, a faranti mai hasken rana da ba shi da na'urar daidaita wuta. Cajar arha kuwa duk abin da ya shigo mata miƙa wa waya take yi. Wayoyi suka yi ta ƙonewa, teburinmu ya cika har muna jera su a kwali.

Cikinsu akwai Tecno ta wata Hajiya mai sayar da atamfa. Ta ce mini, "Ɗana, bashin da nake bin mutane duk yana cikin saƙon muryar WhatsApp, ka rufa mini asiri." Na share ramin, na sa caja mai kyau ta cikin ƙaramar mitar nan da ke nuna ƙarfin wutar da waya ke ja. Volt 5 na shiga, amma lambar amfiya sai tsalle take yi, ta hau ta faɗo. Na buɗe baya na auna batir: volt 3.8, lafiyarsa lau. Na bi wutar daga ƙaramin allon lantarkin da ramin caji ke kai, ta igiya, har babban injin, tana isowa. Sai na ɗora yatsa a kan ƙwayar da ke kula da caji, na ji ta yi zafin da ba na iya barin yatsan a kai. Na ɗiga alkol, nan take ya bushe a wurin, sauran allon yana jiƙe. Ba sai an kira boka ba, ƙwayar ce ta ƙone.

Na kai wa maigida, na ce, "Maigida, wannan sai an sauya ƙwayar caji, ko a kai wa mai madubin ƙara girma a layin baya." Bai ko ɗago kai ba. Ya ce babu lokacin wannan, kuma ba zai raba kuɗinsa da kowa ba. A sa sabon batir, a cika shi kai tsaye da injin ba da wuta na kan tebur, waya ta kunnu, Hajiya ta biya. Batirin da ya ciro daga durowa irin na kwali ne, mai rubutun 5000 mAh, wato yawan cajin da yake riƙewa, amma nauyinsa a hannu bai kai na asali ba. Na ce masa idan ƙwayar ba ta tsayar da caji a inda ya kamata, wajen volt 4.4, batirin zai kumbura. Ya ce, "Tun kana tsumman goyo nake wannan aiki." Na sa batirin da hannuna, bisa umarninsa. Ya karɓi jaka 8.

Ba a yi nisa ba Hajiya ta dawo da wayar a ƙulle cikin leda. Ta kwana a caji, batir ya kumbura ya banƙare murfin baya, allon injin ya ƙone ƙurmus. Layi cike da mutane, maigida ya miƙe ya nuna ni. "Hajiya, ki yi haƙuri, yaron nan ne ya yi mini gaban kansa. Na ce ya auna, bai auna ba." Har da ɗaga murya, don maƙwabta su ji. Hajiya ta dube ni ta ce, "Ɗana, na ba ka amana." Har yau na fi jin zafin wannan kalma a kan kuɗin da ya zaftare daga ɗan abin da yake ba ni, wata bayan wata, wai ramuwar wayar. Na yi shiru saboda kawuna ne ya kawo ni wajensa daga Tahoua, kuma an yi mini gargaɗin kada in ba shi kunya. Wasu a layin sun san gaskiya, don a gabansu na yi awon. Ko ɗaya bai tanka ba, kuma na gane, kowa da tukunyarsa a wuta.

Tun daga ranar nake rubuta awon kowace waya a jikin ɗan tef, in manna a bayanta: abin da ta ja, abin da batir ya nuna, da abin da aka ce in yi. Maigida ya yi ta mini ba'a wai na zama likita. Bai sake ɗora mini laifi a bainar jama'a ba dai.

Sauran darussan gajeru ne. A gwada wata igiya da wata caja kafin a kwance ko da dunƙule ɗaya, domin igiyar USB ta fi ramin saurin mutuwa. Kada a tsokali rami da allura, ƙafafun ƙarfen da ke cikin rami irin Type-C 24 ne kuma sirara, na micro-USB 5, ɗaya ya lanƙwashe aiki ya ƙaru. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke wuce digiri 40, wayar da ta ƙi caji da rana a bar ta ta huce tukuna, batirin lithium ba ya son caji sama da digiri 45, ita kanta wayar ce ke tsayarwa. Batirin da ya kumbura ba a huda shi, ba a danna shi. In datti ne, a share a gaban mai waya a karɓi dala ɗari, wato sefa ɗari biyar, gobe ɗan'uwansa zai aiko.

Ga wanda zai gaje kujerata: mitar da ke kan teburin tawa ce, da kuɗina na saye ta, zan tafi da ita. Ka nemi taka tun kafin ka fara, don maigida ba zai saya ba.