Kayan ɗaurin reshe: abin da nake sayarwa a kudancin Ontario

Shagona ƙarami ne, a yankin Essex na kudancin Ontario a Kanada, kusa da Leamington, garin da ya yi suna da rumfunan gilashi na noman tumatir, kokwamba da tattasai. Abin da nake sayarwa bai wuce igiya, zare, waya mai rigar roba, raga, sandunan gora da 'yan maƙalai na roba ba. Masu kayan lambu ne asalin abokan cinikina. Daga ranar 17 ga Oktoba 2018, da dokar ƙasar ta halatta tabar wiwi, sai aka samu sababbin masu saye: kamfanoni masu lasisi daga hukumar lafiya ta tarayya, ƙananan manoma da aka fara ba izinin filin da bai wuce murabba'in mita 200 ba, da magidanta da doka ta yarje wa tushe huɗu a gida. Ko a nan ba ko'ina ba ne, domin gwamnatin lardin Quebec ta hana shukawa a gida, kuma Kotun Ƙoli ta Kanada ta goyi bayanta a 2023. A Najeriya kuwa nomanta laifi ne babba da NDLEA ke kamawa a kai, don haka maganata ta inda nake zaune ce.

Masu wannan noma suna lanƙwasa kan shuka su ɗaure shi ƙasa tun yana ɗanye. Dalili shi ne kan da ya fi tsawo yana danne tohon da ke ƙasa da shi. Da zarar an kwantar da shi, rassan gefe sai su taso a jere, haske ya ratsa kowanne. Mai inabi da mai tuffa ma haka suke yi. Inda ake samun matsala shi ne reshen da ka ɗaure yau ba shi ne na makon gobe ba. Yana ƙara kauri kullum, abin ɗaurin kuwa yana nan yadda ka bar shi. Kusan duk shawarar da nake bayarwa a kan kanta daga nan take fitowa.

Shi ya sa nake hana mutane wayar ƙarfe tsirara, zaren kamun kifi, da ɗan maɗaurin roban nan na masu gyaran lantarki wanda in ya ja ba ya sakewa. Suna da arha, kuma suna riƙewa gam, amma sirara ne. Reshe na girma suna nutsewa cikin ɓawo, su toshe hanyar da abinci ke bi daga ganye zuwa saiwa. Za ka ga kumburi a saman ɗaurin, kamar yatsan da zobe ya matse, daga nan sai wurin ya yi rauni, ranar da fure ya yi nauyi ya karye daidai nan.

Abin da na fi yarda da shi don kwantar da reshe shi ne waya mai kaurin rigar roba mai laushi. Ba a ma ƙulla ta. Lanƙwasa bakinta ake yi kamar ƙugiya a rataya a reshen, ɗaya bakin a soka a ramin da aka huda a bakin tukunyar shukar, ba a jikin bango ko tebur ba, don in an juya tukunya kada reshen ya tsage. Gobe in kana son sassautawa, da yatsa biyu ka gama. Tana da tsada fiye da igiya, amma ana wanke ta a sake amfani da ita. Idan kuma jingina kara za a yi da sandar gora, ɗaurin ya kasance siffar lamba 8, kara a zagaye ɗaya, sanda a ɗaya, da sarari da ɗan yatsa zai shiga.

Igiyar jut ce ke ba ni wahalar bayani, saboda mutane na sonta, ni ma ina sonta. Daga Bangaladash da Indiya ake kawo ta, kuma daga dangin lalon da muke miya da shi ake sarrafa ta, kamar yadda ake murza igiyar rama a gida. A lambun waje, ga tumatir ko wake, ba ta da na biyu: tana da laushi, in kaka ta yi a zuba ta cikin taki tare da karan ta ruɓe. A rufaffen ɗaki mai danshi kuwa labari ya sha bamban. Tana shan ruwa ta riƙe, fumfuna ta samu wurin zama. Ga kuma gashinta da ke zuba. Furen wiwi yana da danƙo, duk silin da ya faɗa kansa ya manne ke nan, alhali kayan mai lasisi sai an kai su ɗakin gwaji kafin su shiga kasuwa. Don haka mai tushe huɗu a lambun gidansa ina ba shi jut da zuciya ɗaya, mai lasisi kuwa nakan ce ya bar ta.

Raga aikinta dabam ne. Mai ramuka kimanin santimita 15 ake shimfiɗawa a kwance, a riƙa tura rassa ƙarƙashinta, musamman a makonnin farko na fure lokacin da shukar kan yi tsawo da sauri. Aibinta ɗaya: in ta shiga, tukunya ba ta sake motsi sai ranar girbi, kuma a ranar sai an yanyanka ragar.

Abin da ya fi damuna yanzu shi ne tsafta. A 2019 aka ga wata cutar tumatir mai ɓata 'ya'ya a rumfunan Ontario, wadda ke bin hannu, almakashi da kayan aiki. Masu wiwi ma suna da tasu, wadda asalinta daga shukar hops ce, wadda ake sa furenta a giya, tana tsumburar da shuka ba tare da alama bayyananniya ba, ita ma ta kayan aiki take yaɗuwa. Maƙalin roba da aka cire daga shuka mai cuta aka maƙala wa lafiyayya ya isa. Duk wanda ya sayi abin da ake maimaitawa a wurina ina gaya masa ya wanke shi da sabulu tukuna, sannan ya jiƙa a ruwan bilic, wato sinadarin nan mai sa tufafi fari da kashe ƙwayoyin cuta, domin bilic ba ya aiki sosai a kan datti. Abin da ba ya wankuwa, irin tef mai manne kansa da ke tara ƙura da danƙo, a yar da shi bayan girbi.

Sai batun shara. Manyan rumfuna suna rataye tumatir da zaren roba, in shekara ta ƙare karan da zaren sun cakuɗe ba mai iya raba su, dole a kai juji maimakon taki. Akwai zaren da ake yi daga sitacin masara wanda ke ruɓewa a wurin haɗa taki mai zafi. Ya fi tsada, kuma ba ya son daɗewa a ajiye cikin danshi, shi ya sa nake sayo shi kaɗan kaɗan. Ƙananan manoma ne suka fi karɓarsa, don su da hannunsu suke kwashe karan, sun san wahalar tsince roba daga cikinsa.